Kansilan Nasko Ya Fi Kusa Da Gida

Duk lokacin da zaɓen Shugaban Ƙasa ya ƙarato, sai a ga zangon Hausawa na Sabo a Badun, da Agege da Idi-Araba a Ikko, sun cika da muhawara dare da rana. Amma idan aka ce ga zaɓen ƙaramar hukuma ya zo a gida, sai a ji shiru kamar ruwa ya cinye su. Wannan babban kuskure ne, kuma garin Nasko ya isa misali.

Nasko ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Magama, a ƙasar Sarkin Sudan na Kwantagora, cikin Jihar Neja. Garuruwa irin su Auna da Salka da Ibeto duk a ƙarƙashinta suke. Kamar sauran ƙasar Arewa, samarin wannan yanki da dama suna Kudu wajen neman abinci: wasu fataucin shanu, wasu sayar da doya da albasa, wasu gadi. Kowane wata suna aike gida. To, amma kuɗin da suke aikawa sau da yawa yana tafiya ne wajen biyan abin da haƙƙin hukuma ne ta yi, kamar sayen magani saboda ɗakin shan magani babu kome, ko kuɗin makarantar kuɗi saboda firamaren gari ta lalace.

Tsarin Mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabarta suna hannunta, haka nan rajistar haihuwa da mutuwa da gyaran ƙananan hanyoyi, kuma tana da hannu cikin ilmin firamare da kiwon lafiya. Wanda ke wakiltar mazaɓa a majalisar da ke tattauna kasafin waɗannan ayyuka shi ne kansila. Sanata yana Abuja, gwamna yana Minna, amma kansila tsohuwa na iya tarar da shi a ƙofar gidansa bayan sallar asuba ta faɗa masa rijiyar unguwa ta ƙafe.

Wannan kujera ba a same ta a banza ba. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi wa mulkin gargajiya na En'e garambawul, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasar. Sai dai a Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, gwamnoni suka riƙa naɗa kwamitocin riƙo maimakon su bar jama'a su zaɓa. Wannan ɗabi'a ta sake dawowa bayan 1999, ga kuma asusun haɗin gwiwa da ke riƙe kuɗin ƙananan hukumomi a hedkwatar jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ya saɓa wa Tsarin Mulki. Hukunci ne mai kyau, amma takardar kotu ba ta haƙa rijiya. Idan kuɗi ya iso Nasko ya tarar da kansilolin da babu mai tambayarsu, to, an dai sauya wurin ɓarna ne kawai.

Wasu za su ce zaɓen ƙaramar hukuma wasan yara ne, tunda hukumar zaɓe ta jiha ke gudanar da shi, kuma a jihohi da yawa jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujeru. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma idan haka ne, ashe wurin da ya kamata a fi sa ido shi ne zaɓen fid da gwani cikin jam'iyya, inda mutane ƙalilan ke tsayar da ɗan takara a mazaɓa. Wanda ya ƙaurace ya bar wa wasu fili, su ɗora wanda suka ga dama.

Saboda haka abu uku ya wajaba a kan ɗan Magama da ke Kudu. Na farko, ya san inda katinsa yake, domin mutum ba ya jefa ƙuri'a sai inda ya yi rajista, kuma doka ta ba shi damar neman a mayar da rajistarsa gida, ko kuwa inda yake zaune. Na biyu, ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro a zango su riƙa aika wakilai idan ana tsayar da 'yan takara. Na uku, duk wanda ya je gida da Salla ko da kaka ya nemi kansilansa, ya tambaye shi cikin ladabi abin da majalisa ta ware wa mazaɓarsa da inda aka kashe shi.

Mai ciyar da gida daga nesa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Allah ya ba Magama shugabanni masu jin tsoronsa, ya mayar da matafiya gida lafiya.