Cire tamosta ba ya maganin zafin mota



Duk mai bin titin da ya taso daga Konni ya ratsa Tsernawa da Malbaza ya nufi Galmi ya san abin da ake gani in bazara ta kama: mota a gefen hanya, an ɗaga kapo, tururi na tashi, yaron mota ya ruga neman ruwa da jarka. Wata siminti ta ɗauko, wata albasa, wata fasinja. In an kai ta gareji, maganin da aka fi ba ta guda ne: "Alhaji, a hidda tamosta, don ƙasar sanyi anka yi shi." Wani kuma ya ce a nemo mai buɗewa da wuri a sa. Mu dai a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki.

Tamosta ƙofa ce ƙarama tsakanin inji da lagireto, wanda wasunmu ke kira radiyater. In inji na sanyi tana rufe, ruwa ya yi ta kewayawa cikin inji har ya ɗumama. In zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai ta buɗe ruwa ya wuce lagireto iska ta huce shi. Aikinta ke nan. To a ranar Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, mota na jan kaya, ƙofar nan ta riga ta buɗe gaba ɗaya. In allura ta ci gaba da hawa, lagireto ne ya kasa fitar da zafin. Mai buɗewa a digiri 70 ma da ka sa, jinkiri kaɗan za ka samu, a wuri guda za ku tsaya.

Cirewar kuma tana da nata sharrin. A injuna da yawa, tamosta in ta buɗe ita ce ke toshe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Ka cire ta, wani ruwan ya dinga bin can bai ga lagireto ba. Sannan ga hunturu. A Disamba da Janairu, direban da ya tashi da asuba zai yi tafiya mai nisa injinsa bai ɗumama ba. Mota mai kwamfuta tana ƙara shan mai in ta ji inji na sanyi, baƙin mai na saurin lalacewa, ƙarafa na cin juna. Kuɗin da ba mu ba mai sayar da kayan gyara ba, mai gidan mai muke ba.

Abin ya fi tsanani a motoci masu turbo, kuma yau yawancin manyan motocin gazuwal da Hilux na zamani duk da shi suke zuwa. Hayaƙin inji ne ke juya turbo, yana iya wuce juyi dubu 100 a minti guda, yana matsa iska cikin inji don a ƙona mai da yawa. Ƙarin ƙarfi, ƙarin zafi. Iskar da aka matsa ita ma zafi take yi, shi ya sa aka sa mata nata ɗan lagireto, galibi a gaban na ruwa. Nan garin namu na siminti, da ƙurar hanya da ta hunturu, raga biyun nan toshewa suke yi. Wa ke wanke su?

Ga batun ruwa. Ku leƙa gindin butar shayi ku ga farin abin da ke daskarewa. Ruwan rijiya ko na pampo haka yake yi cikin bututun lagireto, ga tsatsa. Ruwan mota na musamman, mai launi, shi ke hana wannan. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai riƙe matsi yana kai shi kusan 120. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka ɗaure da leda, shi kaɗai ya isa ya tafasa mota.

Ba mu ce makanikanmu ba su san aiki ba. Da hannunsu motocin da Turai ta gaji da su ke ƙara shekaru a hanyoyinmu. Gaskiya ne tamosta na mutuwa a rufe, kuma wannan na ƙona inji. In ta kama ka tsakanin Badagishiri da Tawa, cire ta ka isa gida. Amma in ka iso, jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta. In ba ta buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, sayi sabuwa mai lamba irin ta asali. Masu tseren mota a Amurka da ke sa mai buɗewa da wuri, ai tare suke yi da babban lagireto da gyaran kwamfutar inji. Mu rabin dabarar muka ɗauko.

Saboda haka kafin bazara ta kankama: a wanke raga ciki da waje, a duba fanka da bel da famfon ruwa, a canza murfi. Mai jan kaya kullum, in yana da hali, ya sa lagireto mai kauri. Bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe, turbo ya huce. Kuma a rage lodin da ya wuce ƙa'ida, don ba lagireton da zai ɗauki zunubin lodi.

Shugabannin sandikan direbobi, ku yi wa yaranku wannan bayani a tasha. Motar nan ita ce gonar gidaje da yawa. In ta kwana a hanya da albasa, mai mota da manomi duk sun yi asara. Makanikai, muna jiran ta bakinku, inda muka kuskure ku gyara mana.

Allah ya kai mu damina lafiya.