Ba ƙaddara ce take tsaga bangon gidanka ba

Jama'a, ku yi haƙuri, yau zan taɓa magina da dillalan filaye, da mu kanmu masu gidajen.

Duk watan Agusta labarin ɗaya ne daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa: bango ya faɗi, ɗaki ya rufta, an tono yara daga ƙarƙashin ƙasa. Mu yi ta'aziyya, mu ce haka Allah Ya so, a kwashe ɓaraguzai a sake ɗora bulo a kan wurin nan dai. Na yarda da ƙaddara, amma wanda ya ɗora gida a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara, kada ya kawo mana wannan zancen.

Ƙasarmu ta kudancin Katsina ba irin ta Daura ba ce. Ruwanmu ya fi yawa, laka ta fi yawa. Ƙasar da ta sa Daudawa ta yi suna a noman auduga alheri ce ga manomi, amma ga magini sai an yi hattara. Laka tana kumbura idan ta sha ruwa, da rani ta tsuke ta dare. Ginin da ke kanta yana bin ta sama da ƙasa kowace shekara, shi ya sa za ka ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga. Mai gida ya sa a shafe da siminti, baɗi ta dawo, sai a fara zargin maƙwabci ko mutanen ɓoye. Haba!

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tashin hankalin ƴan bindiga. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin gari, fili ya yi tsada, dillalai suka shiga yanka fadama da hanyar ruwa suna sayar wa bayin Allah da suka sayar da ɗan abin da ya rage musu. Kuma sai a watan Maris ake kai mutum ganin fili, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Wallahi wannan cin amana ne. Mun manta ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40? Ruwa ba ya mance hanyarsa.

Na san me za a ce: talaka ina ya ga kuɗin injiniya? To, ai ba ce maka aka yi ka ɗauko na'ura daga Abuja ba. Gidan ƙasa mai ɗaki 3, abin da ake buƙata bai fi ƙarfin lebura biyu ba. A haƙa rami 2 ko 3 a kusurwoyin filin, zurfin kamar mita ɗaya da rabi. Ka leƙa da idonka. In ka ga leda, toka ko fasassun tukwane, juji ne. In ruwa ya tsatso ya kwanta, ka san da wa kake tare. Ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu: in ta yi igiya doguwa ba ta karye ba, laka ce. In an tarar da marmara ko jar ƙasa mai tauri, alhamdu lillahi. Sannan ka tambayi tsofaffin unguwa, su suka san inda rijiya ko masai ko suri yake a da. Ka kuma koma filin ranar da aka tafka ruwa kafin ka biya.

Bene kuwa ba a yin haka da shi. A ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji, ga sashen injiniyan gine-gine na ABU Zariya nan kusa da mu. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Legas a Nuwamban 2021, da makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024, sun isa su nuna mana ƙarshen gini na ganin dama.

Mu ma'aikata mun fi kowa laifi. Mutum ya ci bashin banki, ya yi shekara 10 ana yankar albashinsa, ya kashe miliyoyi a tayil da silin da ƙyauren ƙarfe, amma zurfin fandisho ya bar wa magini da ke cewa “ƙafa biyu muke yi ko'ina, Alhaji.” Ko'ina? Kan dutse da cikin fadama duk ƙafa biyu?

Ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku: kowace tana da sashen ayyuka, kuma akwai injiniyoyi a ciki. A fitar da su su zagaya da masu unguwanni, a kafa alama a kan duk tsohon kududdufi da hanyar ruwa. Mai unguwar da ya sa hannu a takardar cinikin irin wannan fili, hakimi ya kira shi ya yi bayani. A yi wannan tun yanzu da rani, kafin ruwan farko ya sauka.