Tsohuwar Wagon Ta Alfarma: Araharta A Filin Dillali Take Ƙarewa

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, ko kuwa Babbar Salla ta ƙarato, sai a ga mutanen Arewa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 har Sabon Badun da na Shagamu, sun soma zirga-zirga wajen dillalan mota, musamman na Berger da ke Apapa. Burin kusan ɗaya ne, watau a sami motar da za ta ɗauki maigida da iyali da tsaraba ta kai su gida lafiya, a kuma shiga gari da ita ba tare da jin kunya ba. Dillalai sun san wannan buri sarai. Saboda haka da zarar mutum ya ce yana neman mai ɗaukar kaya amma kuɗinsa ba su da yawa, sai a ja shi can ƙuryar fili a nuna masa wata doguwar mota mai kujerun fata, irin wadda ake kira wagon, a ce masa ai wannan da tayoyinta huɗu take ja, ba rami ba taɓo. Idan ya tambayi kuɗi, sau da yawa sai ya ji ba su kai na Corolla sa'arta ba.

To, a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya tambayi kansa. Motar da sabuwarta ta ninka Corolla kuɗi, me ya karya darajarta haka? Amsar ita ce, waɗanda suka riƙe ta a can sun kai inda kuɗin gyaranta ya soma fin kuɗinta, shi ya sa suka rabu da ita. Mai saye a Ikko, wannan lissafin nasu yake gada.

Motocin da ake magana a kansu sanannu ne. Akwai Volvo ta Suwidin, wadda ta fito a 1997 da sunan V70 XC, aka mai da ita XC70 a 2003. Akwai Audi allroad ta Jamus, wadda aka ƙera zubinta na farko har zuwa 2005. Sa'an nan ga Marsandi wagon mai tambarin 4Matic a bayanta. Ba wanda zai musa cewa motoci ne masu kyau. Suna da daɗin zama, suna riƙe titi, jikinsu kuma yana da ƙarfi idan tsautsayi ya gitta. Kai, bel ɗin kujera da kowace mota ke da shi yanzu, wanda ke ratsa ƙirji da ƙugu, kamfanin Volvo ne ya fito da shi a 1959. Amma ja da taya huɗu irin nasu, don dusar ƙanƙara da santsin titin hunturu na Turai da Amurka aka yi shi. Mutumin da zai tashi daga Ikko ya bi ta Badun da Ilori da Jaba, ko ya bi ta Lokoja da Abuja, kwalta zai taka kusan kilomita 1,000, ko da kwaltar ta farfashe. Abin da ramukan hanya ke bukata shi ne tsayin ciki da ƙarfin ƙafa, Marsandi wagon kuwa cikinta a ƙasa yake. Mai zuwa ƙauyen da ke bayan fadama da damina yana da hujja, amma su nawa ne?

Babbar matsala tana wajen taya, kuma ita ce wadda dillali ba zai taɓa ambata ba. Al'adar yawancin masu mota a nan ita ce, idan taya ɗaya ta fashe sai a je wajen mai faci a sayi ta gwanjo guda ɗaya a ɗaura, ko kamfaninsu ɗaya da sauran ko ba ɗaya ba. Motar da ke ja da tayoyin gaba kaɗai tana haƙuri da wannan. Mai ja da huɗu ba ta haƙuri. Idan wata taya ta fi wata cinyewa, zagayensu ba zai zo daidai ba, sai na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta ɗauka santsi ake yi, ta yi ta aiki ba hutu har ta yi zafi ta ci kanta. A tsofaffin Volvo akwai wata ƙaramar giya a gefen giyabos wadda ke tura ƙarfi zuwa baya, ita ce ke fara mutuwa. Watau ke nan mai irin wannan mota tayoyi huɗu iri ɗaya zai riƙa saye a lokaci guda. Wanda bai shirya wa wannan ba, bai shirya wa motar ba.

Daga nan ne wata ha'inci ta samo asali. Idan waccan giya ta lalace, maimakon a gyara, sai a kwance farfelar da ta tafi baya a ajiye, mota ta ci gaba da tafiya da tayoyin gaba kawai. A titi ba mai ganewa. Sai mutum ya biya kuɗin mai ja da huɗu, ya yi shekara yana alfahari, ranar da ya kafe a yashi ya ga tayoyin baya tsaye cik. Maganin wannan ba wuya: a ɗaga motar sama a gareji kafin a biya ko kwabo, mai saye ya leƙa da idonsa ya ga farfela tana nan.

Audi allroad kuwa, nata ya fi haka. Ba ta zaune a kan sifirin na ƙarfe, a kan jakunkunan iska take, ana danna maɓalli ta tashi ko ta sauka har mataki huɗu, na ƙarshe ya ɗan haura santimita 20 daga ƙasa. Abin sha'awa ne ranar da yake aiki. Amma roba ce, kuma robar da ta shekara 20 tana tsagewa. Sai a kwana a tashi a tarar mota ta durƙusa gefe ɗaya kamar raƙumi, famfon iskar ya yi ta aiki har ya ƙone. Injinta mai lita 2.7 yana da turbo biyu, waɗanda galibi sai an sauke injin kafin a canza su, bel ɗin injin ma sai an zare gaban motar kafin hannu ya kai gare shi. Idan kuwa aka yi sakaci bel ɗin nan ya tsinke ana cikin tafiya, injin ya tashi aiki. In har dole ne sai an zaɓa cikin ukun, Volvo ta fi sauƙin hali, allroad kuwa a bar wa mai wata motar a gida.

Har wa yau akwai abin da ba ya ganuwa a ƙarƙashin sabon fenti. A ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, kuma irin waɗannan motoci a can aka fi sayensu, don haka tsatsa ta daɗe tana cin cikinsu da bututun burki. Wasu kuma ambaliya ce ta shanye su. Bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya nutsar a Amurka sun shiga kasuwar gwanjo, irin gwanjon da dillalai ke saye su yi wa jirgi lodi. Motar alfarma kuwa cike take da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, ruwa in ya taɓa su ba sa komawa daidai. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, kuma wadda ta fito daga Amurka ana iya bincika tarihinta ta intanet da wannan lamba a kan kuɗi kaɗan. A kuma tuna agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil 150,000 kuwa kilomita 240,000 ne.

Dattawa za su ce ai sun yi shekaru suna zuwa gida da Fijo 504 wagon ba abin da ya same su. Gaskiya ne, amma a Kaduna aka riƙa haɗa Fijo tun daga 1975, kowane bakanike a bakin hanya ya san cikinta, kayanta kuma har a ƙananan garuruwa ana samu. Ita wannan, kayanta sai kasuwar Ladipo ta Mushin, wani abin ma sai an aika waje. Tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gyara suka bi ta. Tallafin man fetur ma an janye shi a Mayun 2023, motocin nan kuwa masu nauyi ne, shansu ya fi na ƙananan motoci nesa ba kusa ba.

Sai a ƙaddara ta tsaya tsakanin Mokwa da Tegina da la'asar sakaliya, mata da yara a ciki. Bakaniken wurin ba shi da na'urar da zai karanta ciwonta, in ya yi ƙarambani ya ƙara ɓata ta. Ba a kuma ɗaga gabanta a ja ta da tayoyin baya a ƙasa kamar sauran motoci, sai an ɗora ta ɗungurungum a kan babbar mota. Wannan hanya ba wurin da mai iyali zai so dare ya yi masa ba ne.

Wanda duk da haka ransa ya biya, ba laifi ya saya, muddin ba jarinsa zai taɓa ba. Ɗan kasuwar da ya zare kuɗi daga cinikin shanu ko goro ko canji ya zuba a mota, sa'an nan ya koma yana zara don gyara, shi ne abin tausayi, domin ranar da zai sayar ba zai sami masu layi ba. A Kano da Sakkwato Toyota da Honda da Golf ake rububi. Ya ware wani kaso mai kauri na kuɗinsa ya ajiye don gyaran farko, ya nemi bakaniken da ya ƙware a irinta tun kafin ciniki, ba wanda dillali ya kawo ba, ya roƙi a bar motar ta kwana ya zo da sassafe ya tayar da ita da sanyinta. Takardun kwastan kuma a kai ofishinsu a tabbatar, gama tun da aka hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairun 2017, da yawa sun biyo ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu, jami'an kwastan kuwa suna tsare hanyar Arewa. In duk wannan ya yi daidai, ya saye ta wata biyu ko uku kafin Salla, ya yi ta yawo da ita tsakanin Ikko da Badun, inda Ladipo ke kusa, har ta gama nuna halinta.