Mu Daina Koyar da Rabin Gaskiya a Kan "a" da "an"

Ya ku 'yan'uwana malamai, akwai wata ƙa'idar Turanci da muka gada daga malamanmu, muke kuma biya wa ɗalibai ita kamar karatun allo: wai a sa "an" kafin kalmar da ta fara da a, e, i, o, u, a sa "a" kafin sauran. Wannan rabin gaskiya ce, kuma tana kayar da 'ya'yanmu.

Turanci sautin farko yake bi, ba harafin da ke rubuce ba. Ana cewa "an hour" da "an honest man" domin ba a furta h ɗin. Ana cewa "a university" da "a European" domin da sautin y suke farawa. Kai, kowannenmu ma "an NUT member" ne, tunda sunan harafin N da wasali yake farawa. Yaron da ya rubuta "an university" bai yi ganganci ba. Biyayya ya yi wa allonmu, sa'an nan muka bi shi da jan biro.

Akwai kuma abin da muke tsallakewa. Asalin "an" tsohuwar kalmar Turanci ce mai ma'anar ɗaya, don haka ba ta shiga gaban abin da ba ya ƙirguwa. "An advice" da "an information" kuskure ne. "A piece of advice" ake cewa. Ga shi kuma Bahaushe "ni malami ne" yake cewa, babu wata kalma tsakani. Muddin ba mu nuna wa yaro wannan bambanci ba, "I am teacher" zai rubuta har ya tsufa.

Wasu za su ce yaran firamare ba za su gane zancen sauti ba. Ina! Yaron da kunnensa ke raba "kafa" da "ƙafa" zai raba "hour" da "house", in dai malami ya furta su daidai.

Jarrabawar WAEC da NECO ba ta san uzuri ba, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a. Muna da gaskiya da muke neman albashi da ƙarin girma a kan lokaci, amma muryarmu za ta fi nauyi gaban gwamnati da iyaye idan abin da ke allonmu daidai ne. Ina kira ga shugabannin reshe su ware sa'a guda kowane zango, malaman Turanci su zauna su gyara wa juna irin waɗannan ƙa'idoji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.