"Za ka saba": abin da wata bakwai a bayan motar shara ya koya min

1/ Wata bakwai ke nan ina bin motar kwashe shara a Kano. Eh, difloma ta tana cikin akwati. Maganar da na fi ji tun ranar farko ita ce "za ka saba". Rabinta gaskiya ce, rabinta kuma da ita ake cutar mutane. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da gaskiyar. Ranar farko ba ta da wuya, ɗoki ne ke ɗauke da kai. Ta biyu da ta uku su ne bala'in. Wallahi ruku'u sai da na dafa bango. Cinya, ƙugu, kafaɗa, ko'ina tsami. Tafin hannu duk ya yi bororo saboda ƙotar shebur.

3/ Wannan kam ana sabawa. Bayan mako biyu zuwa uku tsamin ya ragu, bororo ya zama kanta. Haka Allah Ya yi naman jiki: ka ba shi aiki, ka ba shi abinci da hutu, sai ya ƙara ƙarfi.

4/ Akwai wani dattijo a cikinmu, Baba muke ce masa. Ya ga na sunkuya ina fizgar buhu, ya ce: "Yaro, da ƙafa ake ɗagawa, ba da baya ba. Durƙusa, jawo kayan jikinka, sannan ka miƙe. Ƙugu ɗaya gare ka, kuma ba a sayar da shi a Ƙofar Ruwa."

5/ Sai batun lokaci. Ƙarfe 4:30 nake tashi, mu yi asuba, kafin 6 muna kan titi. In ka bari gari ya waye, A Daidaita Sahu ya cika hanya, ko wurin tsayar da mota ba ka samu. Masu sharar titi, da yawansu iyayenmu mata, sau da yawa sun riga mu fita ma.

6/ Tashin bai ba ni wuya ba kamar kwanciyar. Ni da nake kai ɗaya na dare a majalisa ko a kan waya. Mai tashi 4:30, in yana son barcin awa bakwai, 9:30 ta same shi a gado. Na bar gidan kallon ƙwallo na dare, abokai suka ce na tsufa. Na yarda 😅

7/ Zafi ma jiki yana ɗan sabawa da shi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma a Afrilu Kano na haura digiri 40, kuma ba jikin da ke sabawa da rashin ruwa. Fitsari ya yi ja, kai na sarawa, ga jiri? Nemi inuwa, sha ruwa. In ka samu ruwan gishiri da sukari, ya fi.

8/ To a nan gaskiyar "za ka saba" ta ƙare. Huhu ba ya sabawa da ƙura. Ka yi shara da hunturu ba takunkumi, ka fyace majina ka ga kalarta. Hanci ne kawai ke daina jin wari. Hayaƙin bolar da ake ƙonawa da leda a ciki yana nan yana shiga ƙirji.

9/ Fata ba ta sabawa da fasasshiyar kwalba, ko reza, ko tsinken tsire, ko allurar da wani ya jefa cikin leda ya ƙulle. Rauni a cikin datti ƙofar tetanas ce. Allurar da aka yi wa wani tana iya ɗauke da ciwon hanta.

10/ A watana na biyu gilashi ya yanke ni a tafin hannu. Safar hannun da aka ba mu ta yage tun makon farko. Na je neman sabuwa da tsumma ɗaure a hannu. Kun san me aka ce min? "Za ka saba."

11/ Kuma babu mai sabawa da mota. Duhun asuba, tsohuwa ta sunkuya a gefen titi da tsintsiya, ba rigar nan mai ƙyalli, direba ya ga hanya fayau ya taka wuta. Shekara ashirin tana aikin ba za ta kare ta ba.

12/ Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙwaya. An ce wa yaro ya saba, jiki ya ƙi, sai ya sayo tramol ko maganin ciwon jiki ya afa da safe, ciki ba komai. Ciwon yana nan fa, ji ne ba ya yi. Ƙarshenta gyambon ciki ko jarabar da ta fi aikin nauyi. Sabo turken wawa.

13/ Na san wasu za su ce kowane aikin ƙarfi haka yake, a tambayi ɗan dako a Singa ko leburan gini. Haka ne, su ma a duba su. Amma wahalar ɗan dako ba ta zama hujjar hana mai shara safar hannu ba.

14/ Ra'ayina ga duk mai ɗaukar ma'aikatan shara, gwamnati ko kamfani: kar a jefa sabo cikin cikakken aiki ranar farko. A haɗa shi da tsohon hannu mako biyu. Safa mai kauri, takalmin roba, takunkumi, riga mai ƙyalli, allurar tetanas, ruwan sha a mota, hutun kwana ɗaya a mako.

15/ Sannan albashi a kan lokaci. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya N70,000 ne. Wanda ake kira "na wucin gadi" shi ma ciki gare shi. Jikin da bai ci ya ƙoshi ba ba ya sabawa da komai, ramewa yake yi.

16/ Saura mu da kanmu. Sauran miya da ruwan wanke-wanken da kike juyewa cikin shara, Hajiya, wani ne zai ɗaga shi a kafaɗa. Jiƙaƙƙiyar shara ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba. Kwalba ta fashe? Naɗe ta a kwali. Minti ɗaya ne.

17/ Ledar fiya-watan da ka wullo ta tagar mota, a kwata za ta ƙare. In Agusta ta zo ruwa ya rasa hanya, mutum ne zai shiga baƙin ruwan nan har gwiwa ya yashe ta.

18/ Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, daga 7 zuwa 10 kawai ake nema, amma da yawanmu barci muke yi ko ƙwallo a titi. Wata mai zuwa ka gwada yashe kwatar ƙofar gidanku awa uku, ka ji bayanka. To wasu kullum ne.

19/ Ɗan'uwa, in wannan aikin ka samu, ka yi, ba abin kunya a ciki. Ci wani abu kafin ka fita, ko koko da ƙosai ne. Kwanta da wuri. Tsamin jiki ka yi haƙuri da shi, zai wuce. Tari, rauni da jiri kuwa, ka je asibiti, ka kuma yi magana.

20/ Baba ya fi kowa iya ɗaga buhu a cikinmu, bayansa lafiya ƙalau. Amma tarin da yake yi kullum da asuba, har yau ban ji ya ce ya saba da shi ba. Tara ta wuce, ni zan kwanta. Sai da safe.