Bakwaini a gidan likita: kwalba kaɗai ba ta isa ba

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2022, Ƙungiyar Kiwon Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta fitar da sababbin shawarwari bisa jariran da a ke haifuwa kamin cikar watanninsu. A da, ƙa'ida ita ce a ɗauke bakwaini a saka shi cikin kwalba, sai ya yi ƙwari kana a miƙa wa uwa. Yanzu kuwa ƙungiyar ta ce a aza shi bisa ƙirjin uwarsa tun daga haifuwa, sai fa wanda ya kasa numfashi da kansa ko ya ke cikin mawuyacin hali. Wannan canji ya shafi uwaye, ya shafi ma'aikatan likita, ya kuma shafi magabata masu tsara kuɗin kiwon lafiya.

Ko da ya ke sunan bakwaini daga wata bakwai ya samo asali, ga likitoci duk jaririn da ya zo kamin sati 37 bakwaini ne, tun da cikakken ciki sati 40 ne. Bisa lissafin OMS, a shekara ta 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyon 13 da dubu 400 a duniya, watau kimanin ɗaya cikin goma. A 2019 kuwa yara wajen dubu 900 suka rasu saboda wahalhalun zuwa kamin lokaci. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, rabin waɗanda aka haifa a sati 32 ko ƙasa da haka ba su rayuwa, alhali a ƙasashe masu arziki kusan dukansu suna tashi.

Su ƙasashen masu arziki da na'urori suka fara cin nasara: kwalbar ɗumama jiki, injin numfashi, da bututun ba da abinci. Amma da tafiya ta yi nisa, sai aka lura cewa ɗakin da ke ceton rai yana wahal da jariri. Fitila na kunne dare da rana, na'urori na kuka, ana juya shi ana soka masa allura ba tare da duba ko barci ya ke yi ba, uwaye kuma suna leƙe daga bayan gilashi. Ga shi kuwa a cikin wata uku na ƙarshen ciki ne ƙwaƙwalwa ke girma da sauri, cikin duhu da ɗumi da natsuwa. Har cikin shekarun 1980 an yi ta yi wa jarirai aikin fiɗa ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton ba su jin ciwo, sai da binciken Dokta Anand na 1987 ya nuna kuskuren wannan zato.

Cikin wannan hali ne wata masaniyar halayyar yara mai suna Heidelise Als, haifaffiyar Jamus da ta yi aiki a birnin Boston na Amurka, ta tsara wata hanya a shekarun 1980, wadda aka sani da NIDCAP. Tushen hanyar shi ne: bakwaini ba ya magana, amma jikinsa na faɗin halin da ya ke ciki. Idan launin fatarsa ya canza, ko ya yi shaƙuwa, ko ya ware yatsu, ko ya banƙare, ko ya kau da ido, to ya gaji, a dakata. Idan ya kai hannu baki, ko ya dafe ƙafa bisa zane, ko ya riƙe yatsan mai kula da shi, to yana lallashin kansa, a taimaka masa. Ma'aikaciyar da aka horar tana tsayawa tana rubuta alamunsa kowane minti 2, kamin a taɓa shi, lokacin da a ke taɓa shi, da kuma bayan an gama. Daga nan a tsara masa kulawa tasa shi kaɗai: a rage haske, a rufe kwalba da zane, a sassauta murya, a naɗe masa tsumma kamar sheƙa, a bar shi ya cika barcinsa, uwaye kuma su zama masu hannu cikin aikin, ba baƙi masu ziyara ba. A Faransa, babban asibitin birnin Brest ne ya shige gaba wajen koyar da ita.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: masana ba su haɗu bisa amfanin hanyar gaba ɗayanta ba. Wasu gwaje-gwaje sun nuna jarirai na saurin barin injin numfashi, amma wani bincike na 2013 da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa bai sami tabbacin cewa tana kyautata basirar yaro idan ya girma ba. Bayan haka, horon yana da tsada kuma yana cin lokaci.

Ɓangaren da hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne na kusantar uwa, kuma ba daga ƙasar masu arziki ya fito ba. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, kwalabe sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai cikin guda. Sai Dokta Edgar Rey ya shawarci uwaye su ɗaure ƴaƴansu a ƙirji, fata da fata, su shayar da su nono. Aka kira wannan goyon kangaru, da sunan dabbar nan ta Ostareliya mai renon ɗanta cikin wata jaka a cikinta. A 2021 an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Indiya, Gana, Malawi, Nijeriya da Tanzaniya bisa jarirai fiye da 3000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1 da garam 800. Cikin waɗanda aka fara goyonsu nan take, 12 bisa 100 suka rasu a kwana 28 na farko. Cikin waɗanda aka jira suka yi ƙwari, kusan 16 bisa 100. An rage mutuwa da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan.

Ga ƙasar Nijar darasin a fili ya ke. Gidan haifuwa na Issaka Gazobi a Yamai, da cibiyoyin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, suna bukatar kwalabe da iskar numfashi da wutar lantarki mai ɗorewa. Babu mai musun wannan. Amma OMS ta ce goyon ƙirji ya kai awa 8 zuwa 24 kowace rana, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an ba uwa gado kusa da ɗanta, da abinci, da wurin wanka. Hakanan ma'aikaciyar da aka ɗora wa jarirai da yawa ba ta da sukunin karanta alamun kowane. Saboda haka wanda zai tsara ɗakin bakwaini ya kamata ya lissafa gadon uwa da yawan ma'aikata tare da kuɗin na'ura. Rage surutu da haske kuwa ba ya bukatar ko dala.

Su ma iyalai da nasu rabo. Goyo ba baƙon abu ba ne ga Bahaushiya. Bambancin kawai shi ne a gaba a ke yin wannan, babu riga tsakani, da hula a kan jariri. Idan mai jego ta gaji, uba ko kaka na iya karɓa. Idan kuma an haihu a ƙauye, kada a gaggauta yi wa bakwaini wanka, musamman lokacin ɗari. A ɗaure shi a ƙirji, a nufi gidan likita mafi kusa.

Na'ura tana riƙe rai, amma reno sai da mutum. Ƙasar da ta haɗa biyun ita ce za ta ga bakwaininta sun tashi da lafiyar jiki da ta hankali.