Jirgin Ruwa Ma Da Zangonsa

Na gode wa waɗanda suka yi cigiyata a makonnin da ba su ga rubutuna ba. Tafiya ce ta kama ni zuwa Ingila, kuma tsarabar da na riƙo muku daga kan ruwa na samo ta, a cikin wani siririn jirgi da muka kwana shida a cikinsa ni da wani abokina na tun makaranta, wanda ya daɗe yana zaune a can, da ɗansa matashi.

Manoman rani na Kura da Kadawa sun san kanal, wato hanyar ruwa wadda mutum ya haƙa da hannunsa. Tasu ta ban-ruwa ce. Ta Ingila kuwa don dakon kaya aka haƙa ta. A shekarar 1761 aka buɗe kanal ɗin Bridgewater, wanda injiniya James Brindley ya yi aikinsa, domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta, kuma ba a daɗe ba farashin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi. Daga nan aka shiga haƙa ba ji ba gani. Doki ne ke jan jirgin da igiya yana tafe a gaɓa, shi ya sa har gobe kowane kanal yake da turba a gefe guda. Da jirgin ƙasa ya zo sai ya ƙwace cinikin, hanyoyin da yawa suka cushe da ciyawa da laka. Wani marubuci mai suna Tom Rolt ya wallafa littafi a kan rayuwar wannan ruwa a 1944, sannan a 1946 shi da Robert Aickman da wasu suka kafa ƙungiyar ceto hanyoyin. Tun daga 2012 wata gidauniya mai suna Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na kanal da koguna a Ingila da Wales.

Jirgin da muka yi haya faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, domin akwai mashigai da yawa da faɗinsu bai wuce ƙafa 7 ba sai da kaɗan. Tsawo kuwa irinsa yakan kai ƙafa 70. A ciki akwai gadaje da madafa da bayan gida, kamar an ɗauki gida an miƙar da shi ya zama sanda. Doka ba ta yarda ya wuce gudun mil 4 a awa ba. Tsohuwa mai yawo da karenta a turba takan wuce ka, ta ɗaga maka hannu, ta ɓace maka a gaba. Ba ya da birki, sai dai ka mayar da injin baya ka jira ruwa ya amsa. Wanda bai taɓa fahimtar abin da Bahaushe yake nufi da tafiya sannu-sannu kwana nesa ba, to ya hau wannan jirgi.

Mai ba da hayar ya ɗauki kusan awa guda yana koya mana tuƙi da buɗe ƙofofin ruwa. Da ya zo ƙarshe sai ya miƙo mana guduma da turakun ƙarfe da igiyoyi, ya ce ba a yarda jirgin haya ya yi tafiya bayan faɗuwar rana ba, saboda haka mu riƙa neman wurin kwana tun rana na sama. Na gyaɗa kai kawai. A raina na ce gaɓa ce dai ga ta nan hagu da dama iyakar ganin ido, me zai hana mutum samun inda zai ɗaure jirgi?

Daren farko a Braunston muka yi shi, wani ƙauye da kanal ɗin Oxford ya haɗu da na Grand Union, wanda ya tashi daga Landan zuwa Birmingham. Zobban ƙarfe ne a kafe cikin siminti a bakin gaɓa, muka zura igiya muka ɗaure, muka kwana lafiya. Sauƙin wannan dare shi ya ruɗe ni.

Washegari muka hau matakalun ruwa shida na Braunston. Ga wanda bai sani ba, matakalar ruwa wani dogon ɗaki ne marar rufi mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe kafofin da ruwan sama zai kwararo ya cika ɗakin, jirgin ya taso har ya yi daidai da ruwan gaba, sannan a tura ƙofar gaba da ƙarfin ƙugu. Haka jirgi ke hawan tudu, haka kuma yake sauka. Kowace matakala takan ci minti goma sha biyar zuwa ashirin, in ba layi. Bayan su muka ratsa ramin da aka huda ta ƙarƙashin tudu, mai tsawon fiye da mil guda, ruwa na ɗiga mana a ka cikin duhu. Wajen la'asar muka iso mahaɗar Norton. Wuri ne mai kyau, gaɓar a ɗaure da ƙarfe, ga jirage uku ko huɗu sun riga sun sauka, hayaƙin murhu na tashi daga bututunsu. Abokina ya ce mu yada zango. Ni kuwa na buɗe taswira na ga matakalu bakwai ne kawai a gabanmu, na Buckby, na ce mu gama da su yau mu huta gobe. Ya yi shiru irin na mai masauki da ba ya son musu da baƙo, ya juya akalar jirgi.

Ƙofofin Buckby manya ne masu nauyi, kuma duk mun tarar da ɗakunan babu ruwa, sai mun cika kowanne kafin mu shiga mu sauke. Muna fitowa daga ta bakwai magariba ta kawo jiki. Wuraren ɗauri da ke ƙasan matakalun duk an cika su, hanci da wutsiya. Muka matsa gaba. A wannan yanki kanal ɗin yana tafiya ne tsakanin babbar hanyar mota ta M1 da layin dogo, ƙarar manyan motoci ba ta yankewa. Muka gwada gaɓa sau biyu, cikin jirgin yana dafe laka tun saura taku biyu ya kai ƙasa. A karo na uku, da fitilar waya a hannu, yaron ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaiƙayi, muka buga turaku cikin ƙasa mai taushi kamar tuwo, muka ɗaure yadda ta samu.

Da asuba wani jirgi ya wuce mu bai rage gudu ba. Kanal ba shi da faɗi, saboda haka jirgi mai wucewa yakan janye ruwan da ke ƙarƙashin wanda ke tsaye, ya fizge shi gaba, ya dawo da shi baya. Na ji ƙoƙon shayi ya faɗo, na leƙa taga sai na ga bishiyoyi suna juyawa. Turken baya ya tumɓuke ya bi ruwa, jirginmu ya gindaya ya tare hanya gaba ɗaya, igiyar gaba kaɗai ke riƙe da mu. Da wani jirgin ya ɓullo daga kwanar a lokacin, ƙarfe mai nauyin tan goma sha wani abu ne zai daki tsakiyar namu, daidai inda yaron ke barci. Wata dattijuwa da ke zaune a jirginta can gaba kaɗan ita ta fito da rigar sanyi, ta karɓi igiyar da muka jefa mata, muka ja tare. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta dubi ramin da turken ya bari, ta tambaye ni ƙarfe nawa muka tsaya jiya. Da na faɗa mata sai ta ce ita shekara da shekaru ba ta bari ƙarfe uku na rana ya same ta ba ta ɗaure ba.

A bakinta da bakin wasu da muka haɗu da su daga baya na tattara abin da ya kamata in sani tun farko. Gefen turbar dawaki shi ne na kowa, ɗaya gefen yawanci gonar wani ce ko bayan gidansa. Ba a ɗaure jirgi a bakin matakala, domin nan masu jiran shiga ke tsayawa. Ba a ɗaurewa a gindin gada, ko a kwana inda mai zuwa ba zai hango ka ba, ko a wurin ɗiban ruwan sha, ko a faffaɗan wurin da aka ware don dogayen jirage su juya. Kafin ka sauka ka tabbatar ruwan gaɓar yana da zurfin da zai ɗauke ka. Inda aka daɓe gaɓa da ƙarfe, ƙugiya ko sarƙa ake saƙalawa, ita ce ta fi aminci. Inda ƙasa ce zalla, a karkace ake buga turke, kansa na kallon nesa da ruwa, a ɗaura masa wani abu mai haske don kada mai tafiya da dare ya yi tuntuɓe. Igiya ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya, kowacce a gicciye, kuma ba a shimfiɗa igiya ta tsallake turba, ba a ɗaura ta a bishiya. Idan kogi ne ba kanal ba, sai a sassauta igiya, domin ruwan kogi yana hawa yana sauka cikin dare, wanda ya ɗaure tamau yakan farka jirginsa a rataye.

Akwai kuma karatun wurin kansa. Fasassun kwalabe a turba, ko bangon gada da aka cika da zane-zanen fenti, ko kuma ka ga dogon wuri mai kyau a cikin gari amma babu jirgi ko ɗaya a wurin, duk magana suke yi wa mai hankali. Mazauna ruwa sukan sauka kusa da juna, amma da ɗan tazara, yadda za a ji ihunka ba za a ji hirarka ba. Daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba a kunna inji ko janareta a wurin ɗauri. A cikin jirgi kuma dole a sami na'urar da ke ƙara idan gubar hayaƙin gawayi ta taru, domin ita ba ta da wari, kuma ta sha kashe mutane cikin barci a jirage da aka toshe tagoginsu saboda sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka raba wannan gaɓa tsakanin jama'a. A ƙarƙashin dokar 1995, wanda ba ya da maɗaurar dindindin yana iya samun lasisi, bisa sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. A wuraren da baƙi ke rububi, kamar Stoke Bruerne inda muka kwana bayan mun fito daga dogon ramin Blisworth, akwai alluna da ke rage wa'adin zuwa kwana biyu ko makamancin haka. Dokar ba ta rasa masu kuka da ita ba. A Landan, inda tsadar haya ta tura mutane da yawa zama a jirgi, tashi kowane mako biyu wahala ce ga mai aiki ko mai 'ya'ya a makaranta, har jirage sukan jeru biyu-biyu don rashin wuri. Duk da haka hikimar a bayyane take: in aka bar kowa ya kafa turke ya zauna, matafiyin da dare ya riska ba zai sami inda zai raɓa ba.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan ilimi. Madugu ba ya tashin ayari sai ya san zangon da za a kwana, jagaba kuma yakan yi gaba ya duba hanya da masauki. Tsawon tafiyar yini, nisan zango ne ke yanke shi, ƙarfin jakuna yana biye. Ni da na taso ina jin waɗannan labarai, sai ga shi wata tsohuwa a ƙasar Turawa ce ta tuna mini.

Da na dawo gida wannan dare na Buckby ya ƙi barin raina, saboda wani dalili mai nauyi. Kanal ɗin Ingila a mafi yawan wurare da ƙyar ruwansa ke kai wa mutum ƙirji, gangancina bai jawo mini komai ba sai asarar turke da jin kunya. Kogin Kwara ba haka yake ba. A watan Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki a Jihar Neja cikin dare. A watan Oktoban 2024 wani jirgin ya kife da mahalarta Maulidi a yankin Mokwa, shi ma da dare. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, kuma hanin daidai ne. Amma na ɗanɗana da kaina abin da ke tura mutum gaba cikin duhu: idan babu wurin tsayawa mai aminci, ci gaba da tafiya sai ya zama kamar shi ne dabara. Matuƙin da ya iso kwata da mata da yara da magariba, babu rumfa, babu fitila, babu mai gadi, ga fargabar ɓarayi, da wuya ya saurari doka. Ina ganin gwamnatocin jihohin da ke bakin kogi da sarakunan ruwa za su ceci rayuka da yawa idan, tare da rabon rigunan kariya, suka gyara wasu kwatoci suka zama zango na gaskiya, masu turaku da haske da tsaro, wanda kowane matuƙi ya san nisansu da juna.

Sauran kwanakinmu huɗu a kan ruwa, ƙarfe uku na yi muke fara duban gaɓa, kuma ni ne mai fara cewa a tsaya. Abokina bai taɓa tayar da zancen Buckby ba, sai ranar da muka mayar da jirgin, da aka ƙirga kaya aka ce turke ɗaya ya ɓace, ya nuna ni da baki ya ce ga mai biya nan.